Motar Baba Ta Sha Fenti

Da na ɗaga ƙofar garejin gidanmu ban gane motar ba.

Wadda na bari shekara tara da suka wuce shuɗiya ce mai duhu, rana ta lashe rufinta da bonet har sun fara komawa ruwan toka. Wadda ke gabana ja ce, ja mai ƙyalli irin na sabon bokitin roba. An liƙa baƙar leda a gilasanta. An jera mata ƙananan fitilu a ƙarƙashin bamba. Na zagaya ta sau ɗaya, na duba lambar gaba. Ta Baba ce.

Yaya yana tsaye a bayana yana kaɗa makulli, yana jiran godiya. Ya ce tun ranar da na aiko cewa wani mutum zai zo daga waje ya duba ta bai huta ba, sati uku cur. Ya ce ba zai yiwu baƙo ya keto ƙasashe ya tarar da motar mahaifinmu da fenti kamar gindin tukunya ba, mu ba matsiyata ba ne.

"To, Injiniya," ya ce, "ba ki ce komai ba."

Injiniya yake kirana in yana son tsokana. Sauran lokuta Auta. Na buɗe ƙofar direba.

Kujerun sababbi ne, na roba mai ruwan madara, warin gam bai gama fita ba. Babu siririn sitiyarin katakon nan da hannun Baba ya goge har ya yi duhu a wuri biyu. An sa wani ƙarami mai kauri irin na 'yan tsere. Na ɗaga bonet. Injin da ke ciki bai kai shekara goma sha biyar a duniya ba. An ƙera masa ƙafafu da walda don ya zauna.

Baba ya sayi motar nan sabuwa fil a shekarar da aka haifi Yaya. Ya tuƙa ta shekara ashirin da biyu, har idonsa ya fara gazawa, ya ajiye ta. Bai taɓa bari an fente ta ba, bai taɓa bari an buɗe cikin injin ba. Ba wai ya san wani abu ba ne. Rowa ce. In bakanike ya ce a canja wani ƙarfe, Baba yakan ce tsohon bai ce ya gaji ba. Kowane sati yana tayar da ita, ta yi minti goma tana ƙugi, ya kashe, ya ja tamfol. Da ya rasu babu wanda ya sake tayar da ita.

A can inda na yi karatu na zauna aiki, wata abokiyar aikina ta ja ni wurin gwanjon tsofaffin motoci don kawai ba ta son zuwa ita kaɗai. A nan na ga irin ta Baba, ba ta ma kai tamu lafiya ba. Da aka faɗi kuɗin da aka saye ta, sai da na nemi wurin zama. Na tambaya, aka yi min bayani. Ba ƙyalli suke saye ba. Abin da suke biya shi ne motar da ba a taɓa ba: fentin da ta fito da shi daga kamfani ko da ya koɗe, kujerunta na asali ko da sun tsage, kuma gaba da komai, injin da lambarsa ta yi daidai da ta takardu. Irin waɗannan sun kusa ƙarewa, domin duk sauran an gyara su. Shi ya sa kuɗinsu ke hawa kowace shekara.

Ina da hotunan da na ɗauka kafin in bar gida. Na tura wa wani dillali, ya amsa a ranar. Ya faɗi abin da zai biya in motar tana nan yadda take a hoto, ya sa ranar zuwa, Asabar ta ƙarshen wata.

Ban faɗa wa kowa a gida adadin ba. Na san yayana. Sati biyu da rasuwar Baba ya sayar da agogonsa da rediyonsa da keken ɗinkin Umma, duka ga mutum ɗaya, a tsaye a bakin ƙofa. Don haka abin da na rubuta masa layi biyu ne: wani zai zo daga waje ya duba motar, a ɗan share ƙura.

Na rufe bonet, na tambaye shi inda injin Baba yake. Ya ce wannan tsohon ƙarfen ai bakanike Kwana-Biyu ya ɗauke shi a cikin ladan aikinsa, kuma ma ya yi mana kirki da ya karɓa. Na tambayi kujeru. Ya nuna baranda da makullin. Na wuce su da jakata ɗazu ban lura ba. An ɗora su a kan bulo, inda yake zama da abokansa suna karta. Akwai zoben kofin shayi a kan fatar kujerar Baba.

Na faɗa masa maganganu. Ba zan maimaita su ba. Na ce masa a duk rayuwarsa sau ɗaya aka roƙe shi ya zauna kada ya yi komai, wanda shi ne aikin da ya fi ƙwarewa a kai, kuma ya kasa.

Umma ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali, ta ce ko awa ɗaya ban yi da sauka ba har maƙwabta sun san na dawo. Ta ce ita ma ta ce masa ya bar motar, amma tunda an yi, ai ta yi kyau, mutane har leƙowa suke yi. Ta ce ko a wace makaranta na je, ba a koya min in ɗaga wa yayana murya a gabanta ba. Yaya ya ajiye makullin a kan rufin motar ya fita.

Na zauna na yi tunani. Fenti ya tafi, ba ya dawowa. Na leƙa ƙarƙashin murfin but, ko nan sun fesa. Wannan kaɗai zai sare kuɗin sosai. Amma kujeru suna nan. In aka samo inji da sitiyari aka mayar, akwai sauran mota. Ranar Talata ce. Saura kwana huɗu.

Kwana-Biyu bakanike ne a bayan tashar manyan motoci. Ya sami sunan ne domin kowane aiki aka kawo masa cewa yake yi kwana biyu, ko canjin taya ne ko haɗa jirgin sama. Garejinsa rumfar kwano ce, ƙasan ya sha baƙin mai har takalmi na mannewa. Na tarar da shi a ƙarƙashin wata motar haya, ƙafafunsa kaɗai a waje. Da ya ji ko ni wace ce ya fito da sauri yana goge hannu a wando, ya ce 'yar marigayi ce, Allah ya jiƙan maza, ya tambaya ko na ga aiki. Na ce na gani.

Sitiyarin Baba yana rataye a ƙusa, an maƙale masa tsofaffin bel na fanka. Na miƙa hannu na sauke shi, na kakkaɓe, ban nemi izini ba. Ya yi dariya, ya ce in ɗauka, dama babu wanda zai saya.

Na tambayi inji. Ya ce ai ya wuce, wani mai tsaga katako a ƙarshen gari ya saya yana jan zarto da shi. Ya ce injin nan ƙarfe ne na gaske, da ya wanke kafireta ya sa sabon mai, bugu ɗaya ya tashi. Na tambaye shi, tunda bugu ɗaya ya tashi, me ya sa ya cire shi. Ya dube ni kamar na tambayi dalilin da ya sa ake cin abinci. Ya ce yayana ya ce a yi wa motar komai, kuma komai ai har da inji.

"Kuma kada ki damu da takardu, ranki ya daɗe," ya ce. "Na daidaita su. Ko wane shinge kika je, kanki tsaye za ki wuce."

Ina sauri, ban tsaya tambayar abin da yake nufi ba.

Da na nufi wurin mai katakon, tun daga bakin titi na ji ƙugin injin. Ina 'yar shekara biyar nake jin wannan ƙugin ta tagar ɗakinmu kowane sati, ba zan rasa shi a cikin dubu ba. An ɗaure shi a kan ginshiƙan katako biyu, dogon bel ya tashi daga gare shi zuwa zarto, garin katako ya rufe shi kamar an yi masa hoda. Mai wurin dattijo ne mai yatsu takwas. Na roƙe shi ya kashe minti biyu, ya kashe ba da son ransa ba.

Na san inda lambar take, a gefen hagu ƙarƙashin filogi na uku, a kan wani ɗan fili mai faɗin yatsu biyu. Na goge wurin da gefen mayafina. Babu komai. Ƙarfe ne fari sumul, da layukan dutsen gurza a kansa.

Na koma wurin Kwana-Biyu a ƙafa, don in na hau mota zan isa da wuri, kuma ina tsoron abin da zan yi in na isa da wuri.

Ya yi min bayani da haƙuri, kamar mai koyar da yaro. Ya ce takardun mota suna ɗauke da lambar tsohon inji. In aka sa sabon inji, lamba ta saɓa, kowane mai duba takardu a hanya zai tsayar da kai ya yi ta ja maka rai. Sauya takardu kuwa wata shida ne na zarya a ofis. Don haka abin da masu hankali ke yi shi ne a gurje lambar sabon inji a buga masa ta tsohon. Shi kuma tsohon dole a gurje tasa, don kada a sami inji biyu da lamba ɗaya a gari ɗaya. Ya jawo wani gwangwani ya nuna min ƙarafan buga lamba, guda tara kacal, don shida ce ke zama tara in an juya ta. Ya ce shekara talatin yana wannan aikin, ba a taɓa dawo masa da mota ba. Ya ce bai ma caji yayana a kan wannan ba, don darajar marigayi.

"Malam," na ce, "shekara hamsin lambar nan tana wurin. Rowar mutum ɗaya ce ta tsare ta. Kai kuma ka share ta kyauta."

Ya ce in lamba ce damuwata, ai ga ƙarafa ga guduma, minti biyar ne.

Ban ba shi amsa ba a ranar.

Washegari Yaya ne ya je wurin mai katako, ban sa shi ba. Ya yi musaya: sabon inji a madadin tsohon. Dattijon ya yarda kafin Yaya ya rufe baki, ya ɗauka mahaukata ne suka zo masa. Ranar Alhamis aka tura motar zuwa garejin Kwana-Biyu. Na tsaya a kansa tun safe. Na sa ya yanke ƙafafun waldar da ya yi, na nemo tsofaffin ƙafafun a cikin tarin ƙarafansa da hannuna. Na ɓare baƙar ledar gilasai da reza. Na cire fitilun na jefa a bokiti. Yaya ya ɗauko kujerun daga baranda a kan baro, shi kaɗai, ya yi sawu biyu. Ba mu yi wa juna magana ba sai ta aiki: riƙe nan, ɗaga can. Sau ɗaya ya ce a shafa wa fatar kujerun man takalmi su ɗan yi haske. Na dube shi, ya mayar da gwangwanin aljihu.

Karon farko a rayuwarsa, Kwana-Biyu ya gama aiki a kwana biyu. Juma'a da yamma injin Baba ya koma gurbinsa, ya tashi bugu ɗaya. Wurin lambar yana nan fari kamar ido, duk wanda ya ɗaga bonet shi zai fara gani.

Kwana-Biyu ya zo ya tsaya da gwangwaninsa a hannu ɗaya, guduma a ɗaya. Yaya ya ce ai ba ƙarya ba ce: injin na Baba ne, lambar tasa ce, mayar masa da abinsa kawai za a yi. Na daɗe ina kallon farin wurin. Na yi tunanin mutumin da zai sauka gobe, ya ɗaga bonet ya ga wannan tabon. Na ji kunya ta kama ni tun kafin ya iso.

Na ciro takardun daga jaka na karanta masa lambar ɗaya bayan ɗaya. Ya buga. Da ya gama ya shafa baƙin mai da ɗan yashi a kai, don ta tsufa.

Dillalin ya iso Asabar da hantsi. Tsoho ne siriri, da 'yar jaka da ƙaramar tocila a aljihun riga. Ya gaisa da Umma da ladabi, ya ƙi zama, ya ce a nuna masa mota. Da ya ga jan fentin sai ya ciro hoton da na tura masa, ya duba, ya mayar. Na fara bayani, ya ɗaga hannu ya ce ya gane, ba yau ya fara ganin dangi sun yi wa baƙo shiri ba.

Ya kai awa ɗaya. Ya shiga ƙarƙashi da kayansa masu tsabta. Ya shafa fatar kujeru, ya sansana. Ya daɗe yana riƙe da sitiyarin, daidai inda hannun Baba ya yi duhu. Ya ce jikin motar bai taɓa cin karo ba, tsatsa kuma kusan babu, irin wannan ya fi shekara goma bai gani ba. Yaya ya dube ni ta gefen ido.

Sannan ya ɗaga bonet ya kunna tocila. Ya goge wurin da farin ƙyalle. Ya sa farce ya bi lambobin. Ya kashe tocilar.

Ya tambaya yaushe aka buga wannan. Yaya ya fara cewa tun daga kamfani, na ce jiya.

Ya gyaɗa kai. Ya ce na kamfani inji ne ke buga su, duk zurfinsu ɗaya, kuma tararsu ba shida ba ce da aka juya. Ya ce shi bai yi shakka ba injin nan na motar nan ne. Akwai ranar da aka ƙera injin a rubuce a jikinsa, can ƙasa kusa da inda ake zuba mai, ta yi daidai da shekarar, kuma ga hotunana. Da mun bar wurin fari yadda yake, da ya rubuta gaskiyar abin da ya faru, ya saye ta a kan kusan rabin abin da ya faɗa, har da jan fentin. Akwai masu sayen mota mai tabo in an faɗa musu inda tabon ya fito. Amma lambar da aka buga jiya aka shafa mata yashi, wannan sunanta jabu a ko'ina, kuma duk motar da ta bi ta hannunsa sunansa take ɗauka. In an sake gurje ta, wurin zai yi rami biyu, kowa zai tambayi abin da aka ɓoye. Ya ce ba zai iya ba.

Na tambaye shi ko akwai wani da zai iya. Ya ce akwai, waɗanda ke sayen tsohuwar mota don ta kai su kasuwa.

Ya yi wa Umma sallama. Ta ba shi ruwa, ya sha a tsaye, ya tafi.

Na koma gareji. Yaya yana zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya tambaye ni nawa ne mutumin ya faɗa tun farko, wanda yake ta cewa rabinsa. Yau babu sauran abin ɓoyewa, na faɗa masa. Na ga yana auna shi a ransa da gidan nan, da na kusa da shi, da na bayansa.

"Kin san haka," ya ce, "kika rubuto min a share ƙura."

"Da na faɗa maka, da ka sayar da ita kafin in sauka."

"Da na sayar," ya ce. "Wallahi da na sayar, Auta, ko sati ba za ta yi ba. Amma da ban fente ta ba."

Ya fito, ya rufe ƙofar a hankali, ya miƙo min makullin. Ya ce lambar kuma ba shi ya karanto ta ba.

Na tsaya har ya fita. Sannan na jawo tamfol ɗin Baba daga lungu na rufe ta. Ya ɗan gaza ta baya, jan yana leƙowa.